Motar da ke tashi yau ta ƙi gobe: tambayoyi da amsoshi ga masu mota a Kano

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso nan, sannan suka ratsa hannun mutum biyu ko uku, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami motar da za ta tashi da murɗa ɗaya da safe, ta ƙi tashi da azahar a ƙofar masallaci, ta kuma sake tashi bayan la'asar ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin wannan mota suka fi yi. Amsoshin sun fi karkata ga motocin fetur, na gida da na haya, tare da ɗan bayani kan masu shan dizal.

Me ya sa makanike yake kasa gano matsalar, alhali ni na tabbata tana nan?

Saboda duk ranar da motar ta isa gareji da kanta, matsalar ba ta tare da ita a wannan lokacin. Makanike zai yi ta murɗa makulli tana tashi, kamar yaron da zazzaɓi ke saki da zarar an shiga layin ganin likita, kuma mita ba za ta nuna laifi a wayar da take haɗe daidai lokacin da ake awon ba. Abin da ya mutu gaba ɗaya yana da sauƙin kamawa. Wanda ke aiki yau ya ƙi gobe kuwa galibi bai mutu ba tukuna: ko dai mahaɗar waya ce ta saki ko ta yi tsatsa, ko wani ƙarfe ne a ciki ya cinye yana taɓawa wani lokaci yana kuskurewa wani lokaci, ko kuma wata na'ura ce da ke daina aiki idan ta ɗauki zafi, ta dawo idan ta huce. A nan ne ake faɗawa cikin sauya kaya bisa zato, a sayi batir wannan makon, a sayi kik mako mai zuwa, a sayi famfon mai bayan salla, kuɗi su ƙare matsala tana nan daram. Mai motar ne kaɗai yake wurin lokacin da abin ke faruwa, don haka rabin binciken a hannunsa yake, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Me ya kamata in lura da shi a lokacin da ta ƙi tashi?

Tambaya ta farko ita ce ko injin yana juyawa ko ba ya juyawa, domin waɗannan cututtuka ne biyu da ba su da alaƙa. Idan an murɗa makulli injin bai motsa ba, laifin yana tsakanin batir, wayoyinsa, makulli da kik, wato na'urar lantarkin da ke juya inji har ya kama. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, batir da kik sun fita daga zargi, sai a koma ga mai, wutar fulogi da kwamfutar mota.

Bayan wannan sai a duba fitilun allon gaban direba: shin sun kama kamar kullum, sun dushe lokacin da aka murɗa makulli, ko sun mutu gaba ɗaya? Akwai fitila mai hoton makulli da ke ƙiftawa? A lura kuma da yanayin: da sanyin safiya ne ko bayan doguwar tafiya, bayan ruwan sama ne ko bayan wankin inji, nawa ne mai a tanki, kuma minti nawa aka jira kafin ta yarda ta tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki bidiyo da waya, a nuna allon gaban direba ana murɗa makullin yadda za a ji sautin. Ƙwararren mai wayarin yakan rage zarginsa zuwa abu biyu ko uku daga bidiyon daƙiƙa 20.

Wani lokaci nakan ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wani lokaci ƙas guda ɗaya, wani lokaci shiru. Duk abu ɗaya ne?

A'a. Ƙarar da ke maimaituwa da sauri tana nufin wutar da ke isa ga kik ba ta ishe shi ba, ko dai batir ya yi sanyi ko kuma kansa bai kama da kyau ba. Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, fitilu kuma ba su dushe ba, ta fi nuni ga kik ɗin kansa. Shiru kuwa yana nufin umarnin tashi bai ma isa ga kik ba, sai a nemi laifin a makunnin da ke bayan makulli, ko rile (ɗan makunnin lantarki da ke sakar wa na'ura wuta), ko fis, ko makunnin giya, ko wata na'urar hana sata da aka ƙara wa motar. Akwai sauti na huɗu, inda kik zai yi ta gudu shi kaɗai ba tare da ya ja injin ba. Wannan yana faruwa ne idan ƙaramin haƙorin kik bai shiga haƙoran faifan inji ba, ko kuma haƙoran sun cinye a wani gefe.

Fitilu, rediyo da hon duk suna aiki. Wannan bai nuna batir lafiyarsa ƙalau ba?

Bai nuna ba. Manyan fitilu biyu na gaba ba su cika jan abin da ya wuce amfiya 10 ba, kik kuwa yana buƙatar sama da amfiya 100 a lokaci guda, a wasu motocin ma har ya kusa 200. Batirin da zai iya kunna rediyo yini guda yana iya kasa juya inji na daƙiƙa biyu.

Yaya ake tabbatar da lafiyar batir ba tare da zato ba?

Da ƙaramar mitar awon wuta, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki. Batirin da ya cika, idan mota ta huta na 'yan awoyi, yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2 cajinsa ya kai rabi, idan ya sauka ƙasa da 12 kuwa kusan babu komai a cikinsa. Sai dai wannan awon kaɗai bai isa ba, domin batirin da ya tsufa yana iya nuna 12.5 ya kuma faɗi warwas da zarar an ɗora masa nauyi. Awon da ya fi amfani shi ne wanda ake yi lokacin da wani yake murɗa makulli: idan lambar ta sauka ƙasa da 9.6, batirin ya gaza. Bayan injin ya tashi, ya kamata mitar ta nuna tsakanin 13.7 da 14.7, alamar cewa altaneta tana mayar wa batir abin da ya kashe. Ƙasa da 13 yana nufin ba ta caji yadda ya kamata, sama da 15 kuwa yana nufin tana dafa batirin, kuma kowanne daga cikinsu yana kashe sabon batir cikin 'yan watanni.

Ga masu batirin da ake buɗe murfinsa, ruwan da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan batir. Ba a ƙara asid, ba a kuma zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, saboda gishirin da ke cikinsa yana lalata farantan ciki.

Batirina sabo ne, amma matsalar ba ta tafi ba. Ina kuma za a duba?

A duba kan batir, kuma da a ce daga nan aka fara da wataƙila ba a sayi sabon ba. A ganina wannan ne wuri na farko da ya kamata a zarga a duk matsalar da ke zuwa tana tafiya, domin ya fi kowane yawan laifi, ya kuma fi kowane arha wajen gyara. A kama kowane kai da hannu a gwada juya shi. Idan ya motsa ko kaɗan, bai ɗauru ba. Farin gari ko kore da ke taruwa a kai yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya tare wuta, kuma girgizar hanya tana iya sa kan ya kama yanzu ya saki anjima. Al'adar buga ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani don kan ya matse tana fitar da mutum daga kunya a bakin titi, amma wurin da ƙusar ke taɓawa ƙanƙani ne, yana ɗaukar zafi yana ƙara tsatsa. Gyaran gaskiya shi ne a cire kawunan, a fara da mai alamar −, a wanke su da ruwan ɗumi da bekin soda, a goge har ƙarfen ya yi haske, a sauya maɗaurin idan ya buɗe, sannan a ɗaure a shafa ɗan giris a sama.

Akwai kuma baƙar waya mai kauri da ke haɗa batir da jikin mota, da wata da ke haɗa jikin mota da inji. Duk wutar da kik ya ja ta nan take komawa. A motocin da aka taɓa sauke musu inji ko giya, ko aka yi musu gyaran jiki bayan haɗari, sau da yawa ana mayar da wannan waya a kan fenti, ko a bar notinta a sake, ko ma a manta da ita gaba ɗaya. Gwajinta ba shi da wuya: lokacin da motar ta ƙi tashi, a ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, a maƙala gefe ɗaya a kan batir mai alamar −, ɗaya gefen a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji. Idan ta tashi nan take, an kama ɓarawon. Wayar tana iya ruɓewa a cikin robarta ma, ta yadda daga waje za a gan ta kamar sabuwa.

Shin yanayin Kano yana da hannu a ciki?

Yana da shi. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da awo yakan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet, yana ƙafar da ruwan batir yana cinye farantansa, shi ya sa batir a ƙasashe masu zafi bai cika wuce shekara biyu zuwa uku ba. Ɓarnar da bazara ta yi takan fito fili ne da hunturu, domin a safiyar Disamba da Janairu ƙarfin batir yana raguwa, baƙin mai kuma yana yin kauri, sai injin ya ƙara nauyi. Motar da ke jan ƙafa da asuba amma ta tashi lafiya da hantsi tana sanar da mai ita cewa batirin ya kusa ƙarewa.

Tana tashi lafiya duk yini, amma idan ta kwana biyu a ajiye sai ta ƙi. Mene ne dalili?

Ko dai batir ba ya riƙe caji, ko kuma wani abu yana shan wuta bayan an kashe mota. Kowace mota ta zamani tana jan 'yar wuta don agogo da ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma bai kamata ta wuce kimanin miliamfiya 50 ba bayan komai ya lafa. Masu laifin da aka saba kamawa su ne kayan da aka ƙara daga baya: rediyo mai allo, amfilifaya, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka bari a soket, ko fitilar but da ba ta mutuwa idan an rufe. Altanetar da ta fara lalacewa a ciki ma tana iya tsotse batir da dare. Mai wayarin yana gano wannan ta hanyar sa mita a layin batir, yana zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi.

Yanayin tuƙi ma yana da tasiri. Wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa makarantar yara, daga nan zuwa Kantin Kwari ko Sabon Gari cikin cunkoso, da na'urar sanyaya mota a kunne da injin yana juyawa a hankali, yana iya cire wa batir fiye da abin da yake mayar masa.

Wani ya cire kan batir injin yana aiki don ya gwada altaneta. Hakan daidai ne?

Ba daidai ba ne, ko da yake ana yawan yin sa. Batir ne yake shanye hauhawar wutar altaneta, kuma idan aka cire shi injin yana aiki, wutar tana iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar mota ko altanetar kanta. Mita tana ba da amsar cikin minti ɗaya ba tare da kasada ba.

Idan aka ɗan buga kik da ƙarfe sai ta tashi. Me wannan ke nufi?

Yana nufin an gano mai laifi, amma ba a yi gyara ba. A cikin kik akwai gawayin da ke gogar sandar da ke juyawa, kuma idan ya cinye sai ya daina taɓawa sosai, bugun ne yake girgiza shi ya taɓa na ɗan lokaci. Akwai kuma wasu ƙananan faranta biyu na jan ƙarfe da ke haɗa babbar wuta idan an murɗa makulli, waɗanda ke ƙonewa a hankali. Wannan sananne ne a kik ɗin tsofaffin Toyota irin su Camry da Corolla: ƙas guda ɗaya, a sake murɗawa sau uku ko huɗu, sai ta tashi. A irin wannan hali ba lallai ne a sayi kik sukutum ba, domin ana sauya gawayin da farantan a kan kuɗi kaɗan. A guji buga shi da ƙarfi, saboda kik na zamani yana da maganaɗisu a ciki da ke fashewa. Kada kuma a riƙe makulli yana juya inji fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere. A saki, a ba shi kamar minti ɗaya ya huce.

Motata otomatik ce, wani lokaci shiru kawai take yi.

A taka birki, a mayar da giya zuwa N, a sake gwadawa. Idan ta tashi a N amma ta ƙi a P, makunnin da ke sanar da mota inda giya take ne ya goce ko ya cinye. Motocin giyar hannu da yawa, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, suna da irin wannan makunni a ƙarƙashin kuloci, kuma tabarmar ƙafa da ta naɗe tana iya hana kulocin kaiwa ƙasa.

Injin yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa. Daga ina za a fara?

Daga kunne. A kashe rediyo da fanka, a murɗa makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa ba tare da an tayar ba, a saurara. A yawancin motoci za a ji famfon mai yana ɗan kuka daga wajen kujerar baya na kimanin daƙiƙa biyu. Idan ana jin sa a ranakun da mota ke tashi, ba a jin sa a ranar da ta ƙi, to an san hanyar da za a bi. Sai dai shirun famfo ba ya nufin famfon ne ya mutu, domin yana iya zama fis, ko rile, ko soket ɗin da ke saman tanki. A motoci da yawa akwai rile iri ɗaya da na famfo a cikin akwatin fis, misali na hon, kuma ana iya musanya su don gwaji. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna da wata matsala ta babban rile da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda dalmarsa ke tsagewa, ta yadda idan motar ta sha rana a rufe sai ta ƙi tashi har sai cikinta ya huce. Famfo da yawa sun tafi a banza saboda wannan ɗan rile.

A lura kuma da fitila mai hoton inji. Ya kamata ta kama da zarar an buɗe makulli. Idan ba ta kama ba a ranar da mota ta ƙi tashi, alama ce cewa wuta ba ta isa ga kwamfutar ba. Wata dabara kuma ita ce a buɗe makulli a rufe sau uku, ana jira daƙiƙa uku kowane karo, kafin a tayar. Idan hakan yana sa ta tashi da sauri, mai ne yake zurarewa ya koma tanki ko ya ɗiga ta nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, idan mota ta tsaya. Idan kuwa ana jin warin fetur sosai, wataƙila mai ya yi yawa ya jiƙa fulogi, sai a taka totur har ƙasa a riƙe ana juya injin, domin motoci da yawa suna yanke mai idan aka yi haka.

Abin da ba a so shi ne zuba fetur a maƙogwaron inji, ko ja wa famfo waya kai tsaye daga batir a bar ta haka, ko ɗaure fis da ya ƙone da silin waya. Waɗannan uku suna cikin hanyoyin da mota ke kamawa da wuta.

Tafiya da mai kaɗan a tanki tana da illa?

Tana da ita. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu mota da yawa sun koma sayen lita biyar ko goma, fitilar mai tana kunne kusan kullum. Famfon yana zaune ne a cikin tanki, kuma man da ke kewaye da shi yana ratsa shi ne yake sanyaya shi. Idan tanki ya saba zama a ƙasa, famfon yana aiki cikin zafi, yana zuƙar iska a kwana da gangara, yana kuma jan dattin da ya kwanta, har ya fara yin aiki yau ya ƙi gobe. Wanda zai iya, ya riƙa barin aƙalla kwatan tanki. Man galan na bakin titi ma yana zuwa da nasa haɗarin, domin ba a san abin da aka gauraya masa ba ko tsabtar jarkar da ya kwana a ciki, kuma ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya ne daidai inda famfo ke zuƙa. Idan kuwa motar tana wahalar tashi ne bayan an sha mai a gidan mai kawai, a sa a duba ɗan bawul ɗin da ke kai tururin tanki zuwa inji, domin idan ya maƙale a buɗe yana cika injin da tururi.

Tana tashi lafiya da safe, amma idan na yi tafiya na tsaya na minti goma sai ta ƙi har sai ta huce.

Wannan siffa ce ta kayan lantarkin da zafi ke kayarwa. Babban abin zargi shi ne sansar karanshaf, wadda ke sanar da kwamfuta cewa injin yana juyawa da kuma inda fistin yake. Idan ta yi shiru, kwamfuta ba za ta saki wutar fulogi ba, ba za ta buɗe nozul ba. Siririyar wayar da ke naɗe a cikinta takan rabu idan ta ɗauki zafi, ta sake haɗuwa idan ta huce. A wasu motoci ana iya gane haka daga allurar da ke nuna juyawar inji, wadda ba za ta motsa ko kaɗan ba lokacin da ake murɗa makulli. Koyil, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, idan ya tsufa yana yin irin wannan hali, haka ma sansar zafin ruwa idan tana gaya wa kwamfuta cewa injin da sanyi alhali yana da zafi, sai a yi ta tura mai fiye da ƙima. Idan kuwa injin da ƙyar yake juyawa lokacin da yake da zafi, sai a koma ga kik da manyan wayoyinsa.

Makulli zai iya hana mota tashi ko da yana juyawa lafiya?

Ƙwarai kuwa. Jamus da Ingila sun wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci tun 1998, saboda haka kusan duk motar Turai da aka ƙera daga wannan lokaci tana da ɗan ƙwayar lantarki a cikin kan makulli, da zobe a bakin ramin makulli da ke karanta shi. Idan ba a karanta shi ba, wata motar za ta juya ba ta kama ba, wata ta kama ta mutu bayan daƙiƙa biyu, fitila mai hoton makulli kuma tana ƙiftawa. Makullin da ya sha faɗuwa ko ya shiga ruwa yana yin haka jefi-jefi, don haka a gwada na ajiya. Tarin makullan gida da na shago da ake rataya wa makullin mota ma yana cinye ramin da nauyinsa. A motoci masu maɓallin tashi, idan batirin rimot ya yi sanyi, a kanga rimot ɗin a jikin maɓallin a danna. Yawancinsu ƙaramin batir mai lamba CR2032 suke amfani da shi.

Sai kuma na'urorin tsaro da ake ƙarawa a nan gida. Don a saka su, sai an yanke wayar famfo ko ta kik, kuma sau da yawa murɗe wayoyin kawai ake yi a naɗe da salatif. Wanda ya sayi mota a hannu yana iya gadon ɓoyayyen makunni da bai san da shi ba. Ya dace a tambayi wanda ya sayar, ko a sa mai wayarin ya leƙa ƙarƙashin sitiyari.

Matsalar ta fi zuwa da damina ko bayan wankin inji.

Danshi ne yake shiga koyil da ya tsage, ko wayoyin fulogi, ko ramin fulogi, ko akwatin fis, wuta ta bi ta nan ta zurare. A hana masu wanki fesa ruwa mai ƙarfi a kan waɗannan wurare. Amma idan mota ta mutu a tsakiyar ruwan da ya taru a titi, kamar yadda ake gani a Agusta, kada a sake murɗa makulli ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya shiga silinda juyi ɗaya yana iya lanƙwasa sandar fistin. A tura ta waje, a duba matatar iska, idan ta jiƙe a kira makanike ya cire fulogi tukuna.

Idan aka sa mata kwamfutar bincike, za ta faɗi abin da ya lalace?

Za ta taimaka, amma ba ta san komai ba. Motocin Amurka daga 1996 da motocin fetur na Turai daga 2001 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lamba P0335 tana nuni ga layin sansar karanshaf, P0340 kuma ga layin sansar kamshaf. Layin ne lambar ke zargi, wanda ya haɗa da sansar da wayarta da soket ɗinta, kuma ɓera da ya ci waya yana haifar da lamba iri ɗaya da sansar da ta mutu. Kan batir da ya saki, kik da ya cinye da famfo mai rauni kuwa sau da yawa ba sa barin wata lamba. A rubuta duk lambar da ta fito kafin a bari a goge ta, kada kuma a cire batir kafin binciken, domin a tsofaffin motoci hakan yana share abin da kwamfuta ta adana.

Tura mota ko jona batir, wanne ya fi?

Otomatik ba a tura ta. Mai giyar hannu ana iya tura ta a giya ta biyu idan laifin na kik ne ko batir ya ɗan yi sanyi, amma idan an gwada sau biyu ba ta kama ba a haƙura, domin ɗanyen mai yana taruwa ya lalata matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Wajen jonawa, jar waya tana tafiya daga + na mataccen batir zuwa + na mai rai, baƙa kuma daga − na mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda batir yana fitar da iskar da tartsatsi ke iya kunnawa. Kada a jona ƙaramar mota da babbar mota mai bolt 24.

Motar dizal fa?

Ɓangaren batir da kik ɗaya ne, sai dai dizal ya fi buƙatar batir mai ƙarfi. Idan tana wahala da sanyin safiya, a duba hitocin da ke ɗumama silinda. Idan tana wahala bayan ta daɗe a tsaye, galibi iska ce ke shiga layin mai ta wani tiyo da ya tsage ko ta bakin filta.

Wa zan kai wa, kuma wane irin kaya zan saya?

Idan injin ba ya juyawa, mai wayarin ne ya kamata ya fara gani. Idan yana juyawa bai kama ba, a nemi garejin da ke da kwamfutar bincike da agogon awon ƙarfin mai. Kafin a amince da sayen kowane abu, mai mota yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: “Malam, wane awo aka yi da ya nuna shi ne ya lalace?” A Kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari ana samun sabo da kuma na hannu da aka ciro daga motocin waje. Ga kik da altaneta, na asali da aka ciro yakan fi sabo mai arha ƙarko, muddin an gwada shi a gaban mai saye kuma an yi yarjejeniyar mayarwa. Batir kuwa sabo ake saye, a duba ranar da aka ƙera shi, a karɓi takardar garanti. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a kuma ajiye tsohon, domin idan matsalar ta dawo an san ba shi ne ba.

Zan iya yin doguwar tafiya da ita kafin a gano matsalar?

Ya danganta da ɓangaren da ake zargi. Idan an tabbatar kik ne, haɗarin bai wuce ta ƙi tashi a inda aka tsaya ba, ko da yake wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a hanyar Kaduna ko ta Maiduguri da magariba. Idan kuwa ana zargin famfon mai, sansar karanshaf, babban rile, makunnin makulli ko altaneta, kada a fita gari da ita, domin duk waɗannan suna iya kashe injin ana cikin gudu. Idan injin ya mutu sitiyari yana yin nauyi nan take, birki kuma yana ƙanƙarewa bayan taka ɗaya ko biyu. Wanda hakan ta same shi ya kunna fitilun gargaɗi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya taka birki sau ɗaya da ƙarfi ba tare da sassautawa ba har ya gangara gefen titi, sannan ya ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan motar kafin ya buɗe bonet.